Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Shekaru ke nan ana yi wa mutanen manyan biranen ƙasar nan albishir da jirgin ƙasa na cikin gari. Na Abuja an buɗe shi a 2018, na Legas ya fara ɗaukar fasinja a 2023, na Kano da na Kaduna kuwa an daɗe ana zancensu a bakin hukuma da gidajen rediyo. Duk majalisar da aka ta da wannan magana, ko a ofisoshin malamai ko a gindin bishiya inda ɗalibai ke hira, tambayoyi uku nake ji: nawa za a kashe, wa zai ba da rancen, yaushe za a gama? Dukansu tambayoyi ne masu kyau. Amma akwai ta huɗu wadda ban cika jin an yi ta ba, ita ce kuwa ta sa na ɗauki alƙalami. Idan mutum ya sauka daga jirgin nan ya fito ƙofar tasha, me zai tarar a gabansa? Unguwa ce mai jama'a da kasuwa da inuwa, ko kuwa fili ne fetal, sai katanga da rana? Ni a ganina, amsar wannan tambaya ita za ta nuna ko kuɗin da aka ranto sun yi amfani ko sun bi ruwa.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Jirgin cikin gari ba irin wanda kan tashi daga Kano ya kwana a hanya kafin ya isa Legas ba ne. Ƙarami ne, taragunsa ba su da yawa, yana tsayawa bayan kowane kilomita ɗaya ko biyu, aikinsa kuwa shi ne ya kai mutum wurin nema da safe, ya komo da shi da yamma. Alhazanmu da yawa sun shiga ɗan'uwansa tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa tun da aka buɗe shi a 2010. Yana da sauri, yana ɗibar jama'a mai yawa a tashi ɗaya. Amma yana da aibi guda, wato ba ya sauka daga kan dogonsa. Ɗan acaɓa zai bi lungu ya ajiye ka a ƙofar gida, mai a-daidaita-sahu zai tsaya duk inda ka ɗaga hannu. Jirgi kuwa kai za ka je ka same shi. Saboda haka kowane fasinjan jirgi matafiyin ƙasa ne sau biyu, kafin ya hau da kuma bayan ya sauka. Masana tsara birane suna aiki da wani ma'auni, cewa yawancin mutane ba sa ƙin tafiyar minti biyar zuwa goma don su kama jirgi, wato kamar mita 400 zuwa 800. In ta wuce haka sai mutum ya nemi wani abin hawa, in kuwa ya riga ya hau shi, da wuya ya sauka a tasha. Gara ya wuce da shi har inda za shi. Ke nan rayuwar jirgi tana cikin wannan ɗan kewaye na mita 800 da ke zagaye da kowace tasha.

Abin da ya sa maganar ta kama ni ƙwarai shi ne, a cikin irin wannan kewaye na tashi, ko da yake babu jirgi a tsakiyarsa. A cikin birnin Kano aka haife ni, a wani lungu da mota ba ta shiga. Zauren gidanmu da asuba makarantar allo ne, da hantsi ya zama wurin masu ɗinkin hula, da la'asar dattawa su shimfiɗa tabarma a ƙofarsa. Maƙwabcinmu na dama baduku ne, a zaurensa yake aiki. Gida na uku ana tuyar ƙosai, na huɗu ana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Masallaci, da injin niƙa, da makarantar firamare, da gidan mai unguwa, da ɗan tireda mai sayar da ashana da sabulu, babu wanda ya fi ƙarfin a aiki yaro ɗan shekara bakwai ya je ya dawo kafin ruwan tuwo ya tafasa. Kakata ta wajen uba, Allah ya ji ƙanta, har ta tsufa tukuf da ƙafarta take zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa. Ta san bangon da ke da inuwa da safe da wanda ke da ita da yamma, ta san gidan da za ta ratse ta sha ruwa ta huta. Ban taɓa jin ta roƙi wani ya kai ta unguwa ba. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba, sai da na ga tsofaffin da ba su da shi.

Wannan zama kuwa ba haka kawai ya faru ba. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, ita ce cibiya, unguwanni suka kewaye ta, kowace da sana'arta. Sunayensu ma sun isa shaida: Soron Ɗinki, Dukawa, Lokon Maƙera, Zangon Barebari. Mutum yana kwana inda yake sana'a, yana sana'a kusa da inda yake sayarwa. Ma'aunin da aka gina birnin da shi ƙafar ɗan'adam ce da ta jaki. Ba ina cewa babu aibi ba ne. Kowa ya san halin da lungunanmu ke shiga da damina saboda rashin magudanar ruwa, da yadda akan ɗauko mace mai naƙuda a kai ta bakin titi domin mota ba ta iya shiga, da yadda motar kashe gobara kan tsaya daga nesa ana kallon wuta. Waɗannan abubuwan gyara ne. Amma ainihin hikimar, wato kusanci da cuɗanyar gida da sana'a, ita ce yau masana a ƙasashen Turai da Amurka ke ta rubuta littattafai a kanta. Wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Peter Calthorpe, ya fito da littafi a 1993 inda ya ba da shawarar a riƙa tara gidaje da shaguna da ofisoshi da dandali a cikin tazarar kamar mita 600 daga tashar jirgi, yadda mutum zai biya yawancin buƙatunsa da ƙafa. Da na karanta bayanin, sai na ga ai unguwarmu ce aka kwatanta, illa iyaka an cire kasuwa daga tsakiya an sa tasha.

To, yaya aka yi muka rabu da wannan hanya? Abin mamaki, jirgin ƙasa yana cikin labarin. Dogo ya iso Kano a 1911, aka kafa tasha a bayan ganuwa. Nan da nan ciniki ya bi ta. Kamfanonin Turawa suka gina kantuna da sito-sito kusa da ita, Kwarori suka kafa nasu har aka sami Kantin Kwari, Sabon Gari ya tsiro wajen 1913, cinikin gyaɗa ya bunƙasa har ya kai ga dalar gyaɗa. Haka tasha ta raya garuruwa irin su Kafancan da Funtuwa da Gusau da Nguru. Wannan ya nuna tasha tana da maganaɗisu, duk inda aka ajiye ta sai jama'a su taru, in dai an bar su. Amma a wannan zamani ne kuma Turawan mulki suka kawo al'adar rarraba gari. Dokar tsara garuruwa ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, ta ƙarfafa ware unguwar Turawa daban, da ta baƙi daban, da birni daban, aka kuma ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin Bature da baƙar fata, wai don tsoron sauro da cuta. Ka duba wannan lissafi da kyau, ya mai karatu. Yadi 440 shi ne kamar mita 400, wato tafiyar minti biyar. Tazarar da masana suke cewa yau a cika ta da gidaje da shaguna, ita ce aka yi doka a bar ta kango.

Turawa sun tafi a 1960, amma wannan tunani bai bi su ba. Muka gaji ganin cewa ci gaba shi ne babban fuloti, da doguwar katanga, da unguwar da aka rubuta a takardarta cewa ta zama ce kawai, ba sana'a. Wata yayata ta yi aure, maigidanta ya sami fili a irin wannan sabuwar unguwa a bayan gari, suka yi gini mai kyau, har da fulawa a tsakar gida. Murna muka yi ƙwarai. Ba a yi shekara ba sai ga abin da ke ciki ya bayyana. In gishiri ya ƙare sai an fita titi an tari abin hawa. Yara uku, kowanne sai an biya masa kuɗin zuwa makaranta da na dawowa, sa'an nan na Islamiyya da yamma. Maigida yakan hau abin hawa biyu kafin ya isa wurin aiki. Ita kuwa da can a gidanmu tana saƙa da ɗinki, mata na shigowa suna saye, a nan babu mai wucewa balle ya saya, sana'ar ta mutu. Da magariba ta yi layin ya zama kamar maƙabarta, ba fitila ba motsi, babu macen da za ta yarda ta fita. Mahaifiyarmu ta je musu kwana uku, ta kwana biyu ta ce a mai da ita gida, wai ita ba za ta iya zaman kurkuku mai fenti ba. Yanzu a ce an kawo jirgi an ajiye tasharsa a bakin wannan unguwa, wa zai hau? Gidajen ba su da yawa, masu hali a cikinsu suna da motocinsu, marasa hali kuma tashar ta yi musu nisa.

Ba sai mun yi ta kintace ba, domin Abuja ta riga ta ba mu darasi. Tsarin birnin na asali, wanda aka kammala a 1979, ya tanadi hanyoyi na musamman da abin hawan jama'a zai ratsa tsakiyar gundumomi. Layin jirgin da aka fara ginawa, mai tsawon kamar kilomita 45 da tasha 12, ya tashi daga tsakiyar birni ya bi ta Idu ya nufi filin jirgin sama, reshensa kuma ya tashi daga Idu ya nufi Gbazango ta wajen Kubwa. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Yuli na 2018. Ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai koma aiki ba sai a watan Mayu na 2024, bayan an yi masa gyara, an kuma shimfiɗa hanyoyin da ke kaiwa ga tashoshinsa. Ka ji fa, tasha ta riga hanyar zuwa gare ta. Da dama daga tashoshin an gina su ne a inda babu gidaje ko kasuwa a kusa, alhali kuwa Nyanya da Karu da Mararraba, inda ɗimbin ma'aikata ke kwana suna shan cunkoso safe da yamma, layin bai bi ta can ba. A Legas kuwa, layin da ya fara aiki a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo yana tsayawa a wurare irin su Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, inda jama'a da kasuwa suka riga jirgi zuwa. Can aikin da ya rage shi ne gyaran abin da ke akwai. A Abuja filin da ke kewaye da wasu tashoshin allo ne wankakke, abin da aka rubuta a kansa cikin 'yan shekarun nan shi jikokinmu za su karanta.

Bari mu ɗan yi lissafi irin na 'yan aji ɗaya. Kewayen da ya kai mita 800 daga tasha ta kowace fuska ya ƙunshi kamar hekta 200. A cire kashi ɗaya cikin uku domin tituna da makarantu da masallatai da dandali, saura kamar hekta 130. In aka yanka su fuloti-fuloti masu ƙafa 100 tsawo da 100 faɗi, za a sami gidaje kamar 1,400. Mu ƙaddara kowane gida mutum takwas, ka ga mutum 11,000 da 'yan kai. In kuwa aka yanka masu ƙafa 50 da 50, gidaje 5,600 ke nan, mutum kusan 45,000. In aka ɗora wa kowane gida bene ɗaya tak wani iyali ya zauna, an doshi 90,000. Ƙasa ɗaya, tasha ɗaya, bashin da aka ci ɗaya, amma masu iya isa tashar da ƙafa sun ninka sau takwas. Wanda ya riƙe alƙalamin yanka fili a ma'aikatar ƙasa da safiyo, shi ne ke yanke wa jirgi hukuncin cika ko tafiya wayam, ko da bai taɓa ganin injiniyan da ya shimfiɗa dogon ba.

Yawan gidaje kaɗai kuma bai isa ba, sai an cuɗa su da wuraren nema. In unguwar bakin tasha ta kwana ce kawai, jirgi zai cika da safe in ya nufi gari, ya komo ba kowa, da yamma a juya. Rabin tafiyarsa asara ce. Amma in wannan tasha tana da kasuwa, waccan tana da asibiti, ta gaba tana da kwaleji ko sakatariya, kuma kowacce da gidaje a jikinta, to, jirgi zai sami fasinja ta kowace fuska tun daga asuba har dare. Mutanen Kopanhagen, babban birnin Danmak, sun gane haka tun 1947, sa'ad da suka zana tsarin birninsu kamar tafin hannu: tsohon gari shi ne tafin, yatsu biyar su ne layukan jirgi da unguwanni ke bi, tsakanin yatsu kuma aka bar gonaki da dazuzzuka. Daga baya suka ƙara da ƙa'idar cewa manyan ofisoshi sai kusa da tasha za a gina su. A Honkon kuwa, inda jirgin cikin gari ya fara aiki a 1979, hukuma kan ba kamfanin jirgin izinin yin gini a kan tashoshi da gefensu, ribar gidaje da kantunan kuma ta taimaka wajen biyan kuɗin dogon. Dalilinsu mai sauƙi ne. Da zarar an kafa tasha, darajar ƙasar da ke kewaye da ita takan tashi, tun da kuwa kuɗin jama'a ne suka ta da ita, ya kamata wani abu daga ciki ya koma wa jama'a.

Akwai kuma abin da littattafan ƙasashen sanyi ba za su koya mana ba, sai jikinmu, domin jiki magayi. Tafiyar minti goma a Kano cikin watan Afrilu da tsakar rana ba ɗaya take da ta Danmak ba. A wurinmu inuwa ita ce rabin hanya. Titin da ke kaiwa tasha yana buƙatar darbejiya ko wata bishiya mai inuwa a jere, da rumfuna a gaban shaguna waɗanda suka haɗe da juna yadda mutum zai bi ƙarƙashinsu, da magudana mai rufi don kada damina ta mai da hanyar kududdufi. Yana buƙatar ƙananan layuka masu yawa da suka ratsa juna, domin katanga ɗaya mai tsawon mita 300 tana iya mai da tafiyar minti uku ta zama ta minti goma. Shi kansa dogon yana iya zama katanga. A Adis Ababa ta ƙasar Habasha, inda aka buɗe jirgin cikin gari mai tasha 39 a 2015, an kange layin da shinge a wurare da yawa, sai ya zama mutum yana hangen shagon da ke tsallake amma sai ya yi zagaye mai nisa kafin ya sami mahaya. Duk wanda zai tsara mashiga da mahaya, ya auna su da tsohuwa mai sanda, da mace mai goyo riƙe da wani yaron, da gurgu a kan kekensa. In waɗannan sun wuce lafiya, kowa zai wuce.

Sai kuma 'yan'uwanmu masu tebur. Ko an so ko an ƙi, ranar da tasha ta fara tara jama'a, mai shayi zai zo, mai tsire zai zo, da mai gyaran waya da mai lemo da yarinya mai gyaɗa. Abin da muka saba gani shi ne a yi tsari kamar ba su a duniya, su zo su cika hanyar ƙafa, sa'an nan a turo ma'aikata su kore su, bayan mako biyu su dawo. An bar jaki ana dukan taiki. Da tun a takarda aka ware musu rumfuna da famfo da makewayi da wurin zuba shara, da sun biya haraji da daɗin rai. Su ne ma masu gadin da ba a biya. Fitilar mai shayi da idon mai tsire su ne ke sa ɗaliba ta sauka daga jirgin ƙarfe tara na dare ta taka zuwa gida hankalinta kwance. Haka nan masu a-daidaita-sahu, a ba su matsaya a gefe, domin su ne za su ɗebo na nesa. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauki fili mafi daraja, na ƙofar tasha, a share shi a zuba kwalta don ajiye motoci. Filin da mota ɗari za su yini a kai suna shan rana ya isa shaguna da ɗakunan da mutane da yawa za su ci abinci a cikinsu.

Na san akwai mai cewa, wannan cunkoso da benaye ai ba su dace da zamanmu ba. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Bahaushe yana son sirrin gidansa. Babu magidancin da zai ji daɗi tagar benen maƙwabci tana leƙen tsakar gidansa inda iyalinsa ke sha'aninsu, kuma rigingimu da yawa sun je gaban masu unguwa a kan haka. Amma wannan aikin masu zane ne, ba dalilin fasawa ba ne. Magabatanmu sun yi soraye da benaye a cikin birni, suka sa 'yan tagogi ƙanana can sama, masu shigo da iska ba tare da ido ya fita ba. Ana iya sa ƙa'ida cewa tagogin bene su fuskanci titi, na baya kuma su wuce tsayin mutum. Ana iya jera dogayen gine-gine a bakin babban titin tasha, tsayinsu ya riƙa raguwa in an shiga ciki. Zaure kuwa, wanda dama shi ne mahaɗar gida da waje, shi ne shagon da ake nema, ba sai an aro daga ko'ina ba. Sana'o'i masu ƙara da hayaƙi, irin su walda da ƙira da babban injin niƙa, a ba su layinsu a gefen kewayen, kamar yadda aka yi wa maƙera da marina tun da.

Babban abin tsoro a wurina shi ne wanda zai ci moriyar. Tun kafin a kafa tubalin farko, masu jin ƙishin-ƙishin ɗin inda layi zai bi sukan riga kowa sayen gonakin wurin da araha. In jirgi ya zo, haya ta tashi, sai talakan da aka ce don shi aka ciwo bashin ya tattara komatsansa ya koma can bayan gari inda babu jirgi, ya ci gaba da biyan abin hawa biyu, kuma da harajinsa za a biya bashin. Hukuma ba ta rasa abin yi ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon karɓar fili domin amfanin jama'a. Da wannan iko ana iya killace kewayen tasha tun kafin a bayyana inda za ta zauna, a biya masu gonaki da gidaje diyya ta gaskiya, a ba su wuri a cikin sabon tsarin maimakon a watsa su, a ware kaso na ƙananan filaye da ɗakunan haya masu sauƙi, a kuma hana mutum ɗaya ya haɗe fuloti goma ya zagaye da katanga. Amma wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. Wannan iko, in babu idon jama'a a kansa, shi ne zai raba filayen ga 'yan gaban goshi. Don haka ya wajaba taswirar kowace tasha ta fito fili, a manna ta a ƙofar gidan hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, a yi bayaninta da Hausa a rediyo, masu unguwanni da 'yan kasuwa da mata masu sana'a su faɗi albarkacin bakinsu tun ana iya gyarawa.

A nan ne nake ganin mu da ke jami'a muna da aiki. Ɗaliban labarin ƙasa da na tsara birane da na zanen gine-gine suna neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Ga shi nan a ƙofar gida. A ɗauki mahaɗa ɗaya da ake jin tasha za ta iya zama, a taka mita 800 ta kowace fuska da ƙafa, da tsakar rana, a ƙirga gidaje da shaguna da bishiyoyi, a rubuta inda katanga ta tare hanya da inda ruwa ke kwanciya, a tambayi tsofaffi da masu talla ta ina suke bi. Mu kuma na sashen Hausa, namu shi ne mu samar da kalmomin da za a yi wannan muhawara da su, domin muddin da Turanci kaɗai ake tattauna tsarin gari, to, masu garin 'yan kallo ne. Dogo ana iya shimfiɗa shi cikin shekara biyar, amma unguwa in ta kafu a karkace, sai a shekara ɗari ana zaune da karkatarta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari tun da sauran lokaci, mu kuma ya ba mu ikon tunatar da su, amin.